Ciwon Dunduniya: Ƙayar da Ake Gani a Hoto da Tsirkiyar da Ke Ciwo

Mai wannan ciwo yana gane shi ne tun daga takun farko na asuba. Ya sauko da ƙafa daga gado zai je alwala, sai ya ji kamar ya taka ƙusa a ƙasan dunduniya. Ya yi ɗingishi taku goma ko ashirin, abin ya saki. Ya zauna a shago ko cikin keke na rabin awa, yana miƙewa ƙusar ta dawo. Da yamma kuma, bayan doguwar tsayuwa, dunduniyar ta kama zugi.

A Jos bayanin farko da ake ba shi shi ne sanyi. Garin yana kan tudu, wajen mita 1,200 sama da teku, kuma a Disamba da Janairu simintin ɗaki kamar ƙanƙara yake da asuba, don haka zancen yana shiga kunne. Wanda ya je asibiti aka yi masa hoto sai ya dawo da bayani na biyu, wai ƙashi ne ya tsiro masa kamar ƙaya. Daga nan shawara take rarrabuwa. Wannan likita ya ce allura, wancan ya ce kada a kuskura. Mai kemis ya ƙulla ƙwayoyi a leda. A Facebook da TikTok ga masu tallar man da zai "narkar da ƙashin" cikin kwana bakwai, a gida kuma gwaggo ta ce ai wani abu aka taka. Ruɗanin yana da dalili, domin su kansu masana sun sauya fahimtarsu game da ciwon a 'yan shekarun nan, amma tsohon bayanin ne har yau yake yawo a bakin mutane.

Baka da tsirkiya

Kalmar jijiya ta ɗauki kaya da yawa a Hausa. Hanyar jini jijiya ce, mai kai saƙon ji zuwa ƙwaƙwalwa jijiya ce, agara ma wasu jijiya suke ce mata. Shi ya sa idan likita ya ce "jijiyar ƙafarka ce", majinyaci kan tafi da wata fahimta daban. Abin da ke ciwo a nan wani zare ne mai faɗi da tauri kamar ƙirin fata, shimfiɗe a ƙarƙashin tafin ƙafa. Ta baya ya kama ƙashin dunduniya, ta gaba ya rabu biyar ya kama gindin yatsu. Ciwonsa ne likitoci ke kira falanta fashiyaitis.

Ƙafar mutum tana da ƙasusuwa 26, kuma jerinsu ya yi lanƙwasa irin ta baka. Wannan zare shi ne tsirkiyar bakan. A kowane taku nauyin jiki yana danna bakan, tsirkiya ta miƙe ta hana shi bajewa. Sa'ad da dunduniya ta ɗaga, yatsu suka lanƙwashe, sai ta ƙara ɗamewa ta mai da ƙafar sanda guda da za ta tura mutum gaba. Wani likita a Ingila, J. H. Hicks, shi ya bayyana wannan aiki a 1954. Mai karatu yana iya gwadawa yanzu: ya ja babban yatsan ƙafarsa sama, ya shafa tafin, zai ji ta ta taso kamar igiya.

Ƙarshen sunan da likitoci suka ba ciwon yana nufin kumburi, kuma an daɗe ana ɗaukarsa haka. A 2003 wani masani a Amurka, Harvey Lemont, da abokan aikinsa suka duba naman da aka ciro daga ƙafafu 50 da aka yi wa tiyata. Ba su tarar da alamun kumburi ba. Abin da suka gani zare ne da ya tsattsage, ya yi kauri, ya saƙu ba bisa tsari ba, kamar igiyar guga da ta sha ja. Wannan ya bayyana abubuwa biyu da ke damun majinyata: me ya sa maganin kumburi yake kwantar da zafi na 'yan awoyi ciwon ya dawo, kuma me ya sa warkewa take ɗaukar watanni. Jini kaɗan ne yake isa irin wannan zare, saboda haka gyaransa a hankali yake tafiya.

Zafin asuba ma daga nan yake. Cikin barci ƙafa tana saki ta kalli ƙasa, tsirkiya ta takure ta sandare, takun farko kuma ya fizge ta lokaci guda da nauyin jiki gaba ɗaya. Sanyin Jos yana iya ƙara sandarewar, amma mutanen Sakkwato da Legas ma suna fama da ciwon cikin zafinsu. Ana ƙiyasta cewa mutum 1 cikin 10 zai gamu da shi a rayuwarsa, mafi yawa tsakanin shekara 40 da 60.

Maganar ƙayar ƙashi

Ƙayar da ake gani a hoto gaskiya ce, ƙashi ne da ya ƙaru a gindin dunduniya. Sai dai ba ta tsaye kamar ƙusa tana sukar nama, kwance take tana kallon yatsu. Ƙungiyar likitocin ƙashi ta Amurka ta ce mutum 1 cikin 10 yana da irin wannan ƙaya, amma a cikin masu ita 1 cikin 20 ne kawai ke jin ciwon ƙafa. Akwai masu ciwo mai tsanani da hotonsu fes yake, akwai kuma wanda ƙayarsa tana a ƙafar dama, ciwon yana a hagu. Waɗanda suka warke ma, idan aka sake musu hoto, ƙayar tana nan inda take.

To ke nan babu man shafawa ko jiƙon da ke narkar da ita, kuma babu bukatar a narkar. Likita yakan gane ciwon daga labarin majinyaci da kuma danna wuri guda, ƙasan dunduniya ta ɓangaren ciki. Idan ana son tabbaci, sikanin yana nuna kaurin tsirkiyar, kuma abin da ya haura milimita 4 alama ce. Amfanin hoton ƙashi shi ne a kawar da zargin tsagewar ƙashi ko wata cuta daban.

Su wa yake kamawa?

Wani bincike da aka yi a Amurka a 2003 ya kwatanta masu ciwon 50 da masu lafiya 100, ya fito da abubuwa uku. Masu ƙiba da ma'aunin nauyinsu bisa tsawonsu ya haura 30 sun ninka masu matsakaicin jiki fiye da sau biyar wajen yiwuwar kamuwa. Ga mai tsawon mita 1.65, wannan ma'auni yana farawa ne daga wajen kilo 82. Masu yini a tsaye wajen aiki sun ninka fiye da sau uku. Mafi girma duka shi ne taurin sharaɓa da agara, wato mutumin da ba ya iya lanƙwaso ƙafarsa sama sosai daga idon sawu. Agara da tsirkiya ƙashi ɗaya suka kama, ɗaya ta baya ɗaya ta ƙasa, idan ta sama ta ɗame ta ƙasa ce ke biya.

Wanda ya san Jos zai iya jero masu yinin tsaye da ka: 'yan tumatir da kabeji a Farin Gada, mahauta da masu tsire, masu shayi, malaman makaranta, ma'aikatan jinya, masu gadi, da matan gida da ke yini tsakanin murhu da wanki a kan siminti. Mai juna biyu ma tana ciki, saboda ƙarin nauyi da sakin gaɓɓai.

Abu na huɗu da ba a cika lura da shi ba shi ne canji na farat ɗaya. Tsirkiya tana sabawa da aikin da aka saba ba ta, abin da ba ta jurewa shi ne a ninka mata cikin mako guda. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, mutane da yawa da suka saba hawa keke sun koma takawa, a garin da hawa da gangara da duwatsu suka yi yawa, kuma da silifas ɗin wanka a ƙafa. Haka dattijon da likita ya ce ya riƙa tafiya saboda suga ko hawan jini, ya tashi rana ɗaya ya yi kilomita biyar. Haka matashin da ya yi wata uku bai taɓa ƙwallo ba, ya koma fili mai tauri kullum.

Ba kowane ciwon dunduniya ba ne wannan

Kaushi da faso na hunturu a fata suke, ana ganinsu da ido. Ciwo a bayan dunduniya, inda takalmi sau-ciki yake gogawa, na agara ne, kuma a nan ya kamata a tuna cewa ciprofloxacin da ake yawan sha da sunan taifot yana cikin magungunan da aka tabbatar suna iya raunana agara har ta tsinke. Zafi kamar wuta, ko jin kamar tururuwa na tafiya, ko mutuwar tafin ƙafa, sun fi nuni ga jijiyar ji, ko an danne ta a idon sawu ko a baya, ko kuma suga ya taɓa ta. Ciwon da ke ƙaruwa da kowane taku, wanda matse dunduniya ta gefe biyu yake tayar da shi, yana iya zama tsagewar ƙashi. Yaro ɗan shekara 8 zuwa 14 mai yawan guje-guje nasa na girman ƙashi ne. Saurayin da dunduniya biyu ke masa ciwo tare da sandarewar baya da safe yana bukatar a bincika masa amosanin gaɓɓai. Zazzaɓi, kumburi mai ja, gyambo, ko zafin da ke tada mutum daga barci, duk na zuwa asibiti ne ba tare da jinkiri ba, musamman ga mai suga ko mai sikila.

Inda bakin masana ya zo ɗaya

Matakin farko kusan kowa ya yarda da shi, kuma shi ne mafi arha. A rage abin da ke tayar da ciwon ba tare da an kwanta ba, domin kwanciya tana ƙara raunana ƙafa. A miƙar da tsirkiya da sharaɓa. A daina taka siminti da tayil ba takalmi, ko a cikin ɗaki ne.

Miƙarwar da aka fi gwadawa ita ce wadda Benedict DiGiovanni da abokan aikinsa suka wallafa a 2003. Mutum ya zauna, ya ɗora ƙafar mai ciwo a kan gwiwar ɗayar, ya kama yatsun ya ja su baya har ya ji tsirkiya ta ɗame, ya riƙe daƙiƙa 10, ya maimaita sau 10, sau uku a rana. Na farkon a bakin gado ake yinsa, kafin ƙafa ta taɓa ƙasa. Bayan mako takwas waɗanda suka yi wannan sun fi masu miƙar da agara kaɗai samun sauƙi.

Daga Denmak kuma Michael Rathleff ya zo da wata hanya, wadda aka wallafa a 2015, ta ƙarfafa zaren da nauyi. Mutum ya tsaya da ƙafar mai ciwo ita kaɗai a bakin matakala ko dakali, ya naɗe tawul ya sa ƙarƙashin yatsu don su ɗaga, ya yi ɗage a hankali cikin daƙiƙa 3, ya tsaya 2, ya sauko cikin 3 har dunduniya ta gangara ƙasa da matakalar. Sau 12, zagaye uku, yau a yi gobe a huta. Idan ƙafar ta saba sai a goya jaka mai littattafai. A gwajin mutum 48, masu wannan sun riga masu miƙarwa samun sauƙi a wata uku, amma a wata 12 ɓangarorin biyu sun yi kunnen doki. Wanda ƙafa ɗaya ta fi ƙarfinsa sai ya fara da biyu.

Batun takalmi shi ne inda ake asarar kuɗi. Wani gwaji a Ostareliya a 2006 ya nuna shimfiɗar cikin takalmi ta kanti da wadda aka ƙera wa mutum bisa ma'aunin ƙafarsa kusan aiki ɗaya suke yi, kuma taimakon nasu na 'yan watannin farko ne. Abin nema shi ne takalmi mai kaurin ƙasa, mai ɗan tudu a dunduniya, wanda idan an lanƙwasa shi a wajen yatsu yake karyewa, ba a tsakiya ba. Kambas ɗin gwanjo yana iya cika wannan sharaɗi, muddin an juya shi an duba ko mai shi na farko bai cinye gefe ɗaya ba. Ɗaurin filasta irin na masu gashin ƙashi yana ba da sauƙin kwanaki. Akwai kuma abin ɗaure ƙafa da dare da ke hana tsirkiya takurewa, ana gwada shi wata ɗaya zuwa uku ga wanda zafin asuba ya fi damu, ko da yake da yawa ba sa iya barci da shi. Murza tafin ƙafa a kan gorar ruwa mai ƙanƙara, idan an samu wuta, yana kwantar da zugin yamma.

Inda suka rabu

Allurar sitiroyid, wato maganin kumburi mai ƙarfi, a dunduniya ita ce babbar gardama. Masu goyon baya suna cewa wanda abincinsa yake a tsayuwarsa ba zai iya jiran wata shida ba, kuma idan zafi ya lafa ne zai iya motsa jikin da aka umarce shi. Suna da hujja, domin wani gwaji a Denmak a 2019 ya nuna haɗa allura da motsa jiki ya fi kowannensu shi kaɗai. Masu ja da baya suna nuna bitar da cibiyar Cochrane, mai tattara binciken likitanci, ta yi a 2017 kan gwaje-gwaje 39, wadda ta ga sauƙin kaɗan ne kuma bai cika wuce wata ɗaya ba. Suna kuma tuna haɗarinta: tsirkiya tana iya tsinkewa, kitsen da ke zama matashin dunduniya yana iya shanyewa kuma ba ya dawowa, fatar wurin tana iya yin fari, mai suga kuma sugansa zai hau na kwanaki. Abin da ɓangarorin biyu ba su yi jayayya a kai ba shi ne kada a maimaita ta barkatai, kada kuma a yi ta a bayan kantar kemis.

Ga ciwon da ya haura wata shida akwai na'urar da ke buga wurin da igiyar sauti mai ƙarfi, ba yanka ba allura, a zama da yawa. Gwaje-gwaje da dama sun nuna tana taimako, sai dai an fi samunta a asibitocin kuɗi na manyan birane. Allurar ruwan jinin mutum da aka tace aka mayar masa ta fi tsada, kuma sakamakon bincike a kanta ya sha bamban. Tiyata, wato a ɗan saki tsirkiyar ko a tsawaita naman sharaɓa, ta 'yan kaɗan ce da suka yi wata 6 zuwa 12 suna bin sauran hanyoyi da gaske ba su ga canji ba, domin tsirkiyar da aka yanke tana iya barin baka ya zauna.

Kemis, wanzami da mai ɗori

Haɗari mafi kusa da talaka yana cikin ledar kemis. Diclofenac, ibuprofen da piroxicam dangi ɗaya ne, haɗa biyu ko uku ba ya ninka sauƙi, gyambon ciki da lahanin ƙoda da hawan jini yake ninkawa. Idan aka jefa dexamethasone ko prednisolone a ciki, mutum zai ji garau cikin kwana biyu ya ce sha yanzu magani yanzu, bayan watanni kuma fuska ta kumbura, suga ya tashi, ƙashi ya yi rauni. Shan guda ɗaya na 'yan kwanaki bisa shawarar likita wani abu ne daban, kuma na shafawa ya fi sauƙi ga ciki.

Tausar sharaɓa da tafin ƙafa, wadda masu ɗori da yawa suka iya, tana cikin abin da masu gashin ƙashi na asibiti ma suke yi. Ɗaurin kara kuwa ba shi da wuri, tunda babu abin da ya karye. Tsaga da sakiya a tafin ƙafa suna buɗe rauni a wurin da ke taka ƙasa kullum, kuma ga mai suga daga irin wannan ƙaramin rauni ake kaiwa ga yanke ƙafa. Shi ma gashi da ruwan zafi haka ne, mai suga yana iya ƙonewa bai ji ba. Wanda ya yi imani da addu'a ko ruƙya babu abin da ya hana shi haɗawa da miƙar da ƙafa.

Har yaushe?

Alƙaluman da aka fi ambata sun ce kashi 80 zuwa 90 cikin 100 suna samun sauƙi cikin shekara guda ba tare da tiyata ba. Amma wani bincike a Denmak da aka wallafa a 2018, wanda ya bi mutum 174 da ciwonsu ya kai su ga ƙwararru, ya tarar wajen kashi 45 cikin 100 suna jin wani abu har bayan shekara 10. Mata da masu ciwo a ƙafa biyu sun fi daɗewa. Lissafin biyu ba su ci karo ba, na farko ya haɗa da kowa, na biyu na waɗanda nasu ya yi tsanani ne tun farko.

Ga mai sana'ar tsaye, wannan yana nufin gyara wurin aiki: benci mai tsawo da zai riƙa ɗosana a kai, tabarmar roba ko kwali mai kauri a inda yake tsayawa, da miƙar da ƙafa duk lokacin da zai tashi daga zama. Asibitin koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo yana da sashen gashin ƙashi, kuma zama biyu ko uku don a koya wa mutum motsin daidai sun fi leda goma ta ƙwaya. Mai inshorar lafiya ta tarayya (NHIA) ko ta Jihar Filato (PLASCHEMA) sai ya tambaya zama nawa tsarinsa ya ɗauka kafin ya fara.

Ibada ma tana shiga lissafi. Doguwar tsayuwar tarawihi da tahajjudi a kan tayil, ko ta 'yan kwaya a coci, tana iya tayar da ciwon da ya fara lafawa. Safa mai kauri tana rage abin, kuma hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Bukhari ya ba wanda ba ya iya tsayuwa damar sallah a zaune. Maniyyaci ya fi kowa bukatar shiri da wuri: sa'ayi kaɗai, zuwa bakwai tsakanin Safa da Marwa, ya haura kilomita 3, ga ɗawafi a kan dutsen marmara, ga tafiyar jifa a Mina. Motsin ƙarfafa ƙafa yana bukatar wajen wata uku kafin a ga amfaninsa, don haka wanda ya jira sai an kira jirginsa ya makara.

Masu gashin ƙashi suna amfani da takun farko na safe a matsayin ma'auni. Majinyaci ya ba zafin maki daga 0 zuwa 10, ya rubuta sau ɗaya a mako. Idan wata safiya makin ya yi tsalle, aikin jiya ne ya yi yawa, sai a rage kaɗan a ci gaba. Idan kuma an yi wata uku ana miƙarwa, an canza takalmi, makin bai motsa ba, sai a koma wurin likita a sake duba ko ciwon ma wannan ne tun farko.